Oben da hob na jikin kabinet: yadda za ki zaɓa da yadda ake kafa su

Tun kafin a je maganar kala ko kamfani, kar ki bari kafinta ya buga ƙusa ko ɗaya a kicin ɗin nan sai oben da hob, wato murhun saman da ake nutsawa cikin giranit, sun iso gida, ko aƙalla kin tsayar da wanda za ki siya kin karɓo takardar awonsa kin miƙa masa. Yawancin rigimar da ake yi da masu aiki daga nan take farowa, an gama kabinet an yanka giranit an biya kuɗi, sannan a bazama kasuwa neman abin da zai shiga ramin. Kafinta zai ce miki "Hajiya ai duk girmansu ɗaya ne, sittin-sittin ne", eh a fuska haka ne, amma ramin da kowanne ke zama ciki ba ɗaya ba ne, wani kamfanin ya fi wani da santimita ɗaya ko biyu, kuma giranit in aka yanka ya wuce to shikenan fa, ba a mayar da shi, sai dai a siyo wani. Ɗinka riga ne kafin a auna mai ita.

Sannan ki tambayi kanki ko ma ya dace ki yi irin wannan. In gidan haya kike wallahi ki haƙura ki siyi tsayayyen gas mai oben a ƙasa, ranar tashi a ɗora shi a a-kori-kura a wuce. Haka iyayen amarya masu haɗa kayan kicin, don Allah a tambayi dangin ango yadda kicin ɗin yake tukunna, sau nawa ana kai oben gidan amarya ya ƙare a sito cikin kwalinsa saboda ba inda za a zura shi. Amma in gidanku ne kuma yanzu ake aikin kicin ɗin, to yana da daɗi gaskiya: ba lungun da miya za ta zube ta maƙale, za ki iya ɗaga oben ɗin daidai ƙirji ki huta da sunkuyo, kuma in ɗaya ya lalace shi kaɗai za a canza.

Bari mu fara da hob, wato murhun saman da ake nutsa shi cikin giranit. A ƙasar nan shawarata ɗaya ce, gas. Na lantarki mai shafaffen gilas da na indokshon suna da kyau a hoto, amma indokshon mai kai huɗu yana iya jan kilowat 7 da ɗoriya in aka kunna duka, wanne janareton gida ne zai ɗauki wannan? Kuma ba ya aiki da tukwanen dalma da na alminiyon waɗanda su ne rabin tukwanenmu, sai tukunyar da maganaɗisu ke kama gindinta. In dai kina sha'awarsa sosai akwai masu haɗe-haɗe, kai uku na gas ɗaya na wuta, ko ki siyi ɗan ƙarami mai kai ɗaya na ɗorawa a sama ki riƙa amfani da shi ranar da NEPA ta yi kirki.

To a na gas ɗin ma akwai zaɓi, gilas ko sitenles. A nan ne ake yawan yaudarar ido. Baƙin gilas ɗin nan yana sheƙi, goge shi ba wuya, amma ki tuna irin girkinmu. Mu fa tuwo muke tuƙawa, a danne tukunya da hannu ɗaya a sa muciya da ƙarfi, ga dambu a madambaci, ga ranar suna ko azumi a ɗora tukunyar da ta rufe kai biyu. Babbar tukunya in ta baje ta wuce kan murhun, zafi ne ke komawa ƙasa ya taru a kan gilas ɗin da wajen abin murɗawa, shi ne za ki ji ana cewa gilas ya tarwatse haka kawai, ba haka kawai ba ne. Gidan da ake girki da yawa sitenles ya fi, zai yi ƙarce-ƙarce da shekaru amma ba zai fashe ba. Manyan tukwanen biki kuwa a bar su a tsakar gida kan murhun ƙasa, hob ba don su aka yi shi ba ko wane iri ne.

Ki ɗaga ƙarfen da tukunya ke zama a kai ki ji nauyinsa. In mai nauyi ne na zubi, baƙi mai ɗan kaushi, shi ake so, tukunya ba ta zamewa. In siriri ne mai sheƙi kamar waya to yana tuƙa tuwo yana rawa, kuma da zafi da nauyi sai ya lanƙwashe.

Faɗi kuma, mai santimita 60 kai huɗu ne yawanci, amma a gaskiya ba za ki iya ɗora manyan tukwane huɗu a lokaci ɗaya ba, biyu manya da ƙaramar ta shayi ne iyaka. In da wuri ki ɗauki mai 75 ko mai 90, masu kai biyar, babban kan mai zobe biyu ko uku yana tsakiya ko a gefe. Ni na fi son wanda babban kan ke gefe don tukunyar shinkafa ta zauna can ba ta tare sauran ba. Ki tafi shago da murfin babbar tukunyarki ta kullum ki ɗora ki gani da idonki, ba abin kunya ba ne.

Abu biyu da ba a cika tambaya ba kuma su ne masu muhimmanci. Na ɗaya, abin da ke yanke gas in wuta ta mutu. Ki leƙa gefen kowane kai, za ki ga ɗan farin tsinke mai tartsatsi na kunnawa, in akwai wani ɗan tsinken ƙarfe na biyu kusa da shi to shi ne, in miya ta tafaso ta kashe wutar ko iska ta hure ta, cikin 'yan daƙiƙai zai rufe gas ɗin da kansa. Irin wannan in za ki kunna sai kin danna kin riƙe na ɗan lokaci kafin ki saki, wasu sai su ɗauka lalacewa ce. Gidan da ke da yara ko 'yan aiki kar a siyi wanda ba shi da shi, ko da ya fi araha. Na biyu, da me yake kunnawa, wasu sai an jona su a soket, wasu babban batir guda ɗaya ake sa musu ta ƙasa. Mai batir ya fi dacewa da mu, amma a tabbata an bar hanyar da hannu zai kai wajen batirin bayan an kafa. Mai soket ɗin ma in ba wuta ashana na kunna shi, ba wata matsala.

Sai oben. Nan tambayar ita ce wace irin wuta kuke samu, ba wanne ya fi kyau ba. Oben na lantarki ya fi gasa kek da biredi da mitfai daidai, zafinsa ba ya hawa da sauka sosai, musamman mai fanka a bayansa da ke zagaya zafin ko'ina har ki sa tire biyu a tare. Amma yana jan kilowat 2 zuwa 3 da rabi. Janareto mai 2.5 ba zai ɗauka ba, inbata kuwa in ba babba ba ce mai batira na kirki minti kaɗan za ta fara kuka. Masu layin Band A da aka ce suna samun wuta awa 20 a rana su kam za su iya, sai dai su san tun watan Afrilun 2024 da aka kai musu yunit ɗaya naira 225 lissafin gashi ya canza, duk da an ɗan rage daga baya. Ba wai yana jan wutar ne gaba ɗaya tsawon gashin ba, in ya kai zafin da kika sa yana ɗaukewa yana dawowa, amma dai mita za ta nuna. In unguwarku irin wadda ake kawo wuta ƙarfe biyun dare a ɗauke da asuba ce, ki nemi oben na gas. Shi ma ki tambaya da kyau, da yawansu gas ne a ƙasa amma abin gashin sama na wuta ne, kuma akwai waɗanda ke da fankar sanyaya jiki da in ba wuta ba a so a kunna su ko ma su ƙi kamawa. Ki ce mai shago ya buɗe littafin ya nuna miki, kar ki tsaya a "yana yi Hajiya, ba matsala".

Masu allon taɓawa da agogo mai haske, hmm. Wutarmu da ke zuwa yau ba ƙarfi gobe ta zo kamar za ta fasa ƙwai ita ce ajalin fanel ɗinsu, in ya ƙone kuma samun irinsa aiki ne, wani sa'in kuɗinsa ya kusa rabin na oben ɗin. Ga kyankyasai da ke son ɗumin wajen. Ga wani abin haushi, da yawa daga masu agogon nan in aka ɗauke wuta aka dawo da ita agogon sai ya riƙa ƙiftawa, oben ɗin ba zai yi zafi ba sai an sake saita lokaci, mutane da yawa sun kira mai gyara a kan wannan kawai. Mai abin murɗawa guda uku, ɗaya na zafi ɗaya na irin gashi ɗaya na lokaci, ya ishe ki komai.

Cikinsa ki duba lita nawa ne, masu faɗin 60 suna kamawa daga wajen lita 55 zuwa 70 da wani abu, ki ɗauki mai yalwa in kina gashin kaji biyu-uku ko cinyar rago lokacin layya. Ƙofa ta zama mai gilas biyu aƙalla, uku ya fi in oben ɗin a ƙasa zai zauna inda yaro mai rarrafe zai dafa. Akwai masu wanke kansu da zafi, suna kai wajen digiri 500 na awa biyu ko fi su mayar da maiƙo toka, wannan ba namu ba ne sai mai wutar banza, ruwan ɗumi da sabulu da tsumma bayan kowane gashi sun wadatar.

Kamfanoni kuwa suna nan birjik, su Scanfrost, Maxi, Polystar, Midea, Beko, Bosch, Ariston da sauransu, ba zan ce ga wanda ya fi ba don kowanne yana da na sama da na ƙasa. Abin da za ki tambaya shi ne in ya lalace wa zai gyara a garinku, kuma akwai kayan gyaransa? A karɓi rasit da takardar garanti mai hatimi, a buɗe kwalin a shago a duba gilas da tire da 'yar jakar sukurori kafin a ɗora a mota. Na hannu 'yan Beljiyam ana dacewa da masu ƙarko, amma a gwada a gabanki. Wanda aka turo daga Amurka kam ki yi hattara, awonsu da inci ne, mai inci 30 ya kai santimita 76 ba zai shiga ramin 60 ba, tsarin wutarsu ma daban yake da namu mai 230.

Yanzu awo. Wannan na gama-gari ne fa, na littafin kayanki shi ne gaskiya. Oben mai 60 fuskarsa wajen santimita 59.5 ce faɗi da tsayi, ramin da yake shiga kuwa faɗin ciki 56, zurfi 55 zuwa 56, tsayi 59 zuwa 60. Hob mai 60 ramin da ake yanka masa yawanci 56 da 48 ko 49 ne. Tsayin kabinet daga ƙasa zuwa saman giranit wajen 90 ake yi, amma in ke gajeriya ce ki ce a rage zuwa 85, ki tuna akwai tsayin ƙarfen murhu da na tukunya a kai, tuƙa tuwo da kafaɗa a ɗage ba daɗi. In oben ɗin a doguwar kabinet za a sa, a daidaita shi yadda tiren tsakiya zai zo wajen gwiwar hannunki, kar a kai shi sama har ki riƙa ciro tire mai mai da zafi daidai fuskarki.

Wajen da za a sa hob kar ya zama ƙarƙashin taga, iska na kashe wuta ga labule, lokacin hunturu kuma ƙura ta cika kawunan. Kar a manna shi da bango ta gefe ko da doguwar kabinet ko firiji, a bar fili hagu da dama aƙalla santimita 30 na ajiye tukunya da juya mariƙi, ta baya kuma a bar aƙalla 5 tsakaninsa da bango. Kar ya zama bayan ƙofa. A raba shi da wajen wanke-wanke. In za a sa abin zuƙar hayaƙi a sama, tsakaninsa da hob na gas santimita 75 ake bari, na lantarki 65, kuma in da hali a fasa bango a fitar da bututunsa waje, don wanda ke tace iska ya mayar da ita ciki ba ya iya wa suyar manja da daddawa.

Babban abin da kafintocinmu ke kuskurewa shi ne iska. Sun saba haɗa kabinet a rufe ruf da baya da komai don ya yi kyau, to gidan oben ba a rufe masa baya. A cire katakon bayan gaba ɗaya, a bar tazara wajen santimita 4 zuwa 5 tsakanin katakon da oben ke zaune a kai da bango, in doguwar kabinet ce tazarar ta tafi har sama don zafi ya samu mafita, a ƙasa ma a bar 'yar kafa. In ba haka ba bayan 'yan watanni za ki ga ledar jikin ƙofofin kusa ta fara ɗagowa, katako ya kumbura, oben ɗin kansa ya riƙa kashe kansa tsakiyar gashi. Katakon da zai ɗauke shi ya zama mai kauri, a tokare shi da kyau, oben yana kai kilo 30 ko fi, kuma a ɗora abin awon ruwa a tabbata a miƙe yake, in ya karkace kek ɗinki zai fito gefe ɗaya tudu gefe ɗaya kwari ki yi ta zargin fulawa. Masu kicin na siminti da tayil ku ma haka, a auna ramin bayan an lissafa kaurin filasta da tayil, ba kafin ba, santimita biyun nan da suke ci su ne ke hana oben shiga.

Ranar yankan giranit ki tsaya a wajen ko maigida ya tsaya. A zana ramin da awon littafi, ba a kifa hob ɗin a zagaye shi da alli ba, don fuskarsa ta fi ramin faɗi, in aka bi fuskar zai faɗa ciki ne. A yanka a waje in zai yiwu saboda ƙura, kusurwoyin a ɗan zagaye su kar a yi su da kaifi don daga nan tsagewa ke farawa, siraran gefen gaba da baya kuma a tokare su ta ƙasa. In saman katako ne a shafe bakin yankan da abin da zai hana ruwa shiga.

Sai wuta, kuma wannan aikin mai wayarin ne na gaske ba yaron da ke canza ƙwai ba. Oben ya samu layinsa shi kaɗai tun daga akwatin bireka, kar a jona shi da layin soket ɗin firiji da na'urar ɗumama abinci, balle a sa masa waya mai tsawo irin ta caji, haram. Lissafin ba wuya, wat 3000 a kan wutar 230 amp 13 ke nan, iyakar abin da fulogi mai baki uku ke ɗauka, kuma soket ɗin kasuwa da yawa ba sa ma jure hakan na awa guda, sai ki ji ƙaurin roba. Shi ya sa ya fi a ja masa waya mai 4mm ko 6mm, a sa babban makunnin nan na murhun lantarki mai amp 45 a bango inda hannu ke kaiwa, a gefe ba saman murhu ba, kuma ba a bayan oben inda sai an zaro shi ba. In hob ɗin ma na lantarki ne to 6mm da bireka mai amp 32 shi ne mafi ƙanƙanta, shi ma layinsa daban. A siyi waya ta jan ƙarfe zalla, akwai jabu da yawa masu siririn ciki da kaurin roba, a sa mai wayarin ya fere bakin ya gani. Wayar at kuma, wadda ke kai wuta ƙasa don kar ta ja mutum, mai kore da ruwan ɗorawa, dole a haɗa ta, kuma a tabbata gidan yana da ƙarfen da aka binne a ƙasa da gaske, gidaje da yawa wayar tana nan a soket amma ba inda ta je. Oben jikinsa ƙarfe ne, ke kuma kina kicin da jiƙaƙƙen hannu wani sa'in ba takalmi.

Gas. A nan zan ɗan daɗe don shi ne wanda in aka yi sake ba a gyarawa.

Hob da yawa da aka yi don kasuwar Turai suna zuwa ne da nozul, wato ɗan bakin da gas ke fitowa ta ciki, na gas ɗin bututu irin nasu, mu kuma na silinda muke amfani da shi, wanda ya fi ƙarfi kuma ramin nozul ɗinsa ya fi ƙanƙanta. In aka haɗa haka ba a canza ba za ki ga wuta ta tashi ja tana lasar gefen tukunya, gindin tukwane baƙi ƙirin, silinda ta ƙare kafin lokacinta. Ki duba takardar da ke manne a ƙasan hob ɗin, in kin ga G20 na bututu ne, G30 ko G31 shi ne namu. A cikin kwalin akwai 'yar leda mai ƙananan ƙarafa ruwan zinare kamar kan sukuru, kowanne da lamba a jikinsa, yara na son wasa da su, masu aiki kuma na sharewa da shara. Su ne nozul ɗin silinda. Mai haɗa gas zai cire hular kowane kai, ya sa 'yar sifana mai lamba 7 ya kwance na ciki ya ɗaura wanda littafin ya ce na wannan kan ne, babba da nasa ƙarami da nasa. Bayan nan ya zare abin murɗawa ya daidaita ɗan sukurun da ke ciki ko gefensa don in kin rage wuta can ƙasa kar ta mutu. In ya ce miki "Hajiya ba sai an canza ba, regileta za mu rage", ki sallame shi ki nemi wani. Oben na gas shi ma haka, yana da nasa nozul ɗin.

Regileta ta zama ta gida mai ƙaramin ƙarfi, za ki ga an rubuta 28 ko 30 milibar a jiki, ba irin jar nan ta masu suya a bakin titi da ake murɗawa a ƙara ba. Silinda kuma, ko mai kilo 12.5 ce ko 25 ko 50, wajenta waje, cikin keji mai iska da inuwa, a tsaye, a fasa bango a shigo da bututun jan ƙarfe. Na san ana son a ɓoye ta cikin kabinet don kicin ya yi tsaf, amma gas ɗin silinda ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ba sama yake tashi ba, kwanciya yake a ƙasan kabinet ya taru, ga oben a gefe mai zafi da tartsatsin wuta. In ba yadda za a yi sai a ciki, to ba kusa da oben ba, kuma a huda ƙofar da ƙasan wajen sosai. A sa famfon rufe gas a cikin kicin inda za ki kai hannu ba tare da kin fita ba.

In oben yana ƙarƙashin hob kar a yarda tiyon roba ya bi ta bayansa, zafi zai busar da shi ya tsage a inda ba mai gani, ɓera ma na cinsa. A yi amfani da bututun ƙarfe ko tiyon ƙarfe mai lanƙwasa. Inda aka sa na roba a ɗaure bakinsa da abin matsewa mai sukuru, ba waya ko tsumman roba ba, a riƙa duba shi, da ya fara tauri ko tsagewa a canza. Bayan an gama haɗawa a kaɗa ruwan omo a shafa a kowace mahaɗa da soso, a buɗe gas a zuba ido, in kumfa na hurowa akwai tsiyaya. Ba a gwadawa da ashana, abin mamaki har yanzu akwai masu yi.

Zaunar da hob ɗin kansa ba wuya. A kifa shi kan bargo ko kwalinsa, a manna siririn soson nan ko ɗankon da ya zo da shi a zagaye bakin ta ƙasa, shi ke hana ruwa da miya zirarewa cikin kabinet, a juyo a saka a rami a hankali, a ɗaure ƙarafan riƙewa ta ƙasa. Kar a zuba masa gam ko farin siminti, ranar gyara sai an fasa. In durowa ce a ƙarƙashinsa a sa katako tsakani don ƙasan yana zafi, kuma kar a ajiye leda ko ashana a nan.

Oben kuma mutum biyu ne ke ɗagawa, ta gefe, ba ta mariƙin ƙofa ba, gilas ɗin na iya ɓallewa. A cire tire da komai na ciki ya rage nauyi, a ajiye shi kan wani abu daidai bakin ramin, a kashe bireka a haɗa waya, sannan a tura a hankali ana lura kar waya ta maƙale ko ta naɗe a baya. In ya shige a buɗe ƙofar, a jikin firam ɗin akwai ramukan sukuru biyu ko huɗu, a ɗaure su jikin kabinet daidai misali. Kar a tsallake wannan, in ba a ɗaure ba ranar da aka jawo tire mai nauyi ko yaro ya hau ƙofar gaba ɗayansa zai rinjayo.

Kafin ki sallami masu aiki a gwada komai a gabanki. Kowane kai a kunna, wutar ta zama shuɗiya a zaune, a murɗa daga babba zuwa ƙarama da sauri a ga ba ta mutu ba, a hure ɗaya a ji ko gas ɗin ya yanke. Oben a ɓare duk leda da takardun ciki, a goge, a kunna shi ba komai a ciki a zafi mafi girma na minti 30 zuwa awa ɗaya, tagogi a buɗe, zai yi wari da ɗan hayaƙi na man masana'anta, wannan ba komai. Ki taɓa ƙofofin kabinet na kusa, ɗumi ba laifi, amma in har ba ki iya barin hannu a kai to iskar bayan ba ta isa ba, a zaro a gyara tun suna nan. In kin kashe kika ji fanka na ci gaba da juyawa ki bar ta, sanyaya shi take, kar ki kashe ta bango sai ta tsaya da kanta. In mai fanka ne kuma, duk girkin da aka ce digiri 180 ki sa 160, in ba haka ba saman kek ya ƙone cikin bai nuna ba. Littafin da rasit da tsofaffin nozul ɗin da aka cire a haɗa su a leda ɗaya a adana, mai gyara zai nemi lambar samfurin da ke jiki duk ranar da wani abu ya taso.